Daga Rijiya Zuwa Ƙofar Gidanmu

Ƙanena ne ya jawo mini wannan aiki, yana can wata uwa duniya bai ma san ya jawo ba. A shekarun da aka hana hawa babur a Maiduguri, aka sa dokar hana fita, mutum ba ya wuce shinge sai ya ɗaga hannuwa sama, shi tattarawa ya yi ya bi ta Agadas, ya faɗa Libiya, ya hau teku. Kusan shekara guda ba mu ji ɗuriyarsa ba. Da muryarsa ta dawo, daga wani tsibiri na ƙasar Italiya ta fito, kuma wai aikin da ya samu yankan ciyawa ne. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Mutumin da ko akuyar gidanmu bai taɓa yi wa ciyawa ba, sai da ya ƙetare teku sannan ya koya.

A kufai yake yankan ciyawar. Wani tsohon gari ne a kan tsauni, in ji shi, wanda waɗansu mutane da ake kira Finikiyawa suka zauna tun kafin haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. Fataken teku ne da suka fito daga gaɓar Sham. Na taɓa cin karo da sunansu a littafin makaranta, amma ban taɓa zaton jinina zai ci abinci albarkacinsu ba. Babu abin da ya rage a garin sai gindin katangu iya gwiwa, da kaburbura da aka sassaƙa cikin dutse. Duk da haka akwai ƙofa, akwai mai yankan tikiti, akwai igiya da aka ja don kada baƙo ya taka inda bai kamata ba. Mutane suna zuwa mota-mota da manyan huluna da gorunan ruwa, wata mata ta shige gaba tana yi musu bayani.

"Yaya, wallahi a nan dutse ma lamba gare shi," ya ce da ni a waya. "Na gusar da guda ɗaya don injina ya wuce, saura ƙiris a kore ni. Sai da suka ɗauko takarda suka duba, suka mayar da shi daidai inda yake."

Ya turo mini hoton allon da ke bakin ƙofar. Taswirar garin ce: ga titi, ga gidaje a jere, ga wurin bautarsu, ga maƙabarta, kowane da lambarsa. Na daɗe ina kallonta, raina yana ɓaci ban san da wa nake fushi ba.

A lokacin mahaifiyarmu, Iya, tana gidana a unguwar Gwange, ita da wasu dangi da suka cika mana ɗakuna har zaure. Masu bindiga ne suka kore su daga garinmu. Da ƙafa ta yi kwana uku kafin ta samu babbar mota, ba ta iso da komai ba sai zanen jikinta da carbinta. Garinmu yana can gabas, cikin firgi, wato baƙar ƙasar nan mai danƙo da ruwa ke shanyewa duk damina. Shi ma a kan tudu yake, kuma tudun kakanninmu ne suka tara shi: gida ya rushe, a gina wani a kansa, haka haka har ya yi tsawo. In ka haƙa ramin kafa dirka sai ka tono fasassun tukwanen mutanen da ba wanda ya san sunansu. Mu dai ba mu taɓa yankar wa kowa tikiti ba.

Babanmu ya rasu a damina ta ƙarshe kafin a tashi garin. Al'adarmu ce, in ruwa ya rufe maƙabarta, a rufe mamaci a cikin gidansa, don tudun ne kaɗai busasshiyar ƙasa. A bayan ɗakinsa aka sa shi. Ni ban samu jana'iza ba, ruwa ya tare hanya, tsoro ya tare sauran. Na ce in ƙasa ta bushe zan je. Kafin ta bushe aka shiga garin da wuta. Saboda haka ban taɓa ganin kabarin ubana ba, ƙanena ma haka, Iya kaɗai ta san inda yake a cikinmu.

Na nuna mata hoton don ta ga inda autanta yake aiki. Ta riƙe wayar nesa da ido, ta juya ta, ta sake juyawa.

"Su waye da garin?"

"Mutanen da ne, Iya. Sun ƙare tuntuni."

"Musulmi ne?"

"Tun kafin Musulunci suka shuɗe."

"To 'ya'yansu ne suke kula musu da kaburbura haka?"

Na ce a'a, waɗanda suke kula da wurin ba su haɗa komai da su ba. Ta miƙo mini wayar. Iya ba ta kama sunana, don ni ne ɗan fari. Malamin makaranta take ce mini, rabi girmamawa rabi zolaya, kuma daga muryar nake gane wanne ya fi yawa a ranar.

"Kai malamin makaranta, ba irin aikinka ke nan ba? Ka zana mana namu. Wata rana za a koma, ko ina nan ko ba na nan. Mutane za su sake gini, kowa zai haƙa inda ya ga dama. Kada a haƙa a kan babanku."

Labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare, taswira kuwa ita ce abin alfaharina. Makarantu suna rufe a lokacin, azuzuwanmu cike da 'yan gudun hijira, ni kuma zaman banza ya ishe ni. Washegari na hau keke zuwa unguwar Hausari, na sayo farin kwali babba da rula da biro kala huɗu. Na ƙudura a raina sai tawa ta fi ta Turawan nan kyau. A nan na fara ɓata, don tun ran farko hankalina yana kan allon Finikiyawa fiye da bakin Iya.

Mako uku muka yi, kullum da hantsi, a gindin dogon yaron tsakar gida. Aiki da Iya sai mai haƙuri, ni kuwa ban gaji haƙuri ba. In na tambaye ta gidan wa ke bin namu, sai ta faro daga kakan mai gidan, ta bi ta kan matarsa ta fari da rigimar da aka yi kan wata tunkiya, kafin ta zo ga amsar shayina ya huce. Amma ba ta manta ko gida ɗaya ba. Ta lissafa su unguwa-unguwa, da rumbunansu, da inda ake ɗaure shanu, da lungun da ruwa ke bi. Na sa tsamiyar dandali da koren biro, masallaci da shuɗi, gidan Bulama, wato mai garinmu, da ja. A bayan ɗakin Baba na yi ɗan tauraro.

Abu ɗaya ne muka saɓa a kai. Matan garinmu suna da wata ɗabi'a: in mace ta ɗauko tulu daga rijiya, carbi yana hannunta, kowane taku ƙwaya ɗaya, tana istigfari har ta kai ƙofa. Da haka kowace ta san nisan gidanta da rijiya, ba ƙari ba ragi. Da shi suke yi wa juna tsiya. In an kai yarinya gidan da ke gefen gari sai ka ji ana cewa, Allah sarki, aure ya kai ta carbi huɗu. Na tashi ina jin wannan, ban taɓa ɗaukarsa komai ba sai hirar mata.

Iya ta ce in rubuta nata. Ta ce a tsaya a bakin rijiya, kwamin shayar da dabbobi yana kafaɗar hagu, a yi taku kaza, a karkata dama, a yi kaza zuwa ƙofarmu, daga ƙofa kuma kaza zuwa inda Baba yake kwance. Ta faɗi lissafin tiryan-tiryan, yatsunta suna bin ƙwayoyin.

"Iya, ba a sa carbi a taswira," na ce. "Takunki daban, takun wani daban. Ga tsamiya, ga masallaci, ga katangar Bulama. Ko makaho aka ba wannan zai kai kansa gidanmu."

Bayan kwana biyu ta sake kawo maganar, na ce to, ban ɗaga biro ba. Karo na uku da ta fara, ina tsakiyar jan layi, na ce, "Na ji, Iya, na ji," da irin muryar da nake yi wa ɗalibi mai yawan tambaya. Ta dube ni. Ta naɗe carbin a hannu, ta ce, "To. Kai ka yi boko." Ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Taswira ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Na kai aka rufe ta da leda, na rataye a zaure. Mutanen garinmu da ke warwatse a sansanoni da gidajen dangi suka riƙa zuwa kallo. Dattijo zai sa yatsa a kan ɗan murabba'in da na ce gidansa ne, hawaye na bin gemunsa. Na ɗauki hoto na tura wa ƙanena, ya ce wallahi ta fi tasu. Kaina ya kumbura. Ana kuka a zaurena, ni ina gefe ina jiran a yaba mini hannu.

Iya ta ƙara shekara biyu a duniya bayan wannan. Ciwon da ya ɗauke ta bai taka kara ya karya ba, ni dai na san zaman ɗaki ne ya cinye ta, matar da ta saba ganin ƙarshen sama ta kowane gefe. A maƙabartar Gwange muka kai ta. Shekara biyu cur tana ɗakin da ke kallon nawa, muna gaisawa safe da yamma, ina tambayarta ƙafa, ina tambayarta ko ta ci abinci. Tambayar da ba za ta ɗauki minti ɗaya ba, ta lissafin carbin nan, ita ce ban yi ba. Wannan ne yake cina har yau, ya fi mini zafi a kan duk abin da masu bindiga suka yi mana, don su ba uwarsu ba ce.

An yi damina wajen takwas kafin a ce waɗanda suke so za su iya zuwa ganin gari. Muka taru da sassafe, motoci uku, sojoji gaba da baya. Na naɗe taswirata na riƙe a cinya, ban yarda a ɗora mata kaya ba. Carbin Iya yana aljihuna, don tun rasuwarta da shi nake lazimi. A hanya har wani ya ce, mu kam mun gode Allah, muna da Malam.

Da muka sauka ban gane wurin ba. Tudun yana nan, amma an aske shi tas. Babu tsamiya, babu ko kututturenta. Wasu sun ce masu gawayi ne, wasu sun ce an sare itatuwa ne don a riƙa hango nesa. Katangun ƙasa da wuta ta ci, ruwan shekaru ya narkar da su sun koma inda suka fito. An kuma kawo motar haƙa ta zagaye tudun da rami, ta baje samansa. Masallaci, gidan Bulama, dandali, duk sun zama fili ɗaya mai tumfafiya da ƙaya. Abu ɗaya ne ya tsira, bakin rijiya, don shi kaɗai aka yi da siminti.

Maza suka kewaye ni, na baje kwali a kan mota. Bulama ya gyara tabarau.

"Malam, ina masallaci?"

Na sa yatsa a kan shuɗin zane.

"A ƙasa nake nufi, Malam."

Na ɗaga kai na dubi filin, na sake duban kwalin. Komai yana ciki, kowane gida da maƙwabcinsa, amma babu abin da ya ce daga nan zuwa can taku nawa ne. Duk abin da na jingina da shi, itace ne ko katanga. Na tuna allon ƙanena. Su katangunsu na dutse ne, shi ya sa takarda take yi musu aiki. Na kwaikwayi taswirar garin dutse na yi wa garin laka, ni da na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane ma'auni.

Muna cikin wannan tsayuwa sai na ga tsofaffin matan da suka biyo mu, su bakwai, sun nufi rijiya. Kowace ta tsaya a bakinta, ta daidaita kafaɗa, ta fito da carbi. Suka watsu, kowace da tata fuskar, suna tafiya irin ta mai ɗauke da tulu, leɓɓansu na motsi. Ɗaya ta tsaya can yamma, ta kira ɗanta ta ce ya sara nan. Sara huɗu ya yi fartanya ta daki dutsen niƙanta. Ta zauna a kansa tana kuka tana dariya. Kafin azahar an gano unguwa biyu, daga gidajen matan nan aka auna na maƙwabtansu.

Unguwarmu ce ba ta da mace. Gida takwas ne mu a gabashin tudu, matan wasu sun rasu, wasu suna ƙetaren iyaka. Daga ni sai maƙwabcinmu, wani mai bandar kifi da ya girme ni da kaɗan, shi kuwa kamar kowane namiji bai taɓa ɗaukar tulu ba. Na je bakin rijiya na fito da carbin Iya. Na tuna kwami a hagu, ga ma guntun gefensa. Na tuna a karkata dama. Ina jin muryarta, ina ganin yatsunta, amma lissafin ya ƙi zuwa. Zagaye biyu ne da wani abu, ko uku ne ba kaɗan? Na gwada wannan na gwada wancan, kowane ya kai ni wata ƙayar daban. Na koma wurin matar da ta samu dutsenta.

"Iya, ko kin san na mahaifiyata?"

"Ayya ɗana, kowa nata ta sani. Na dai san ta fi ni nisa. Ba ta faɗa maka ba?"

Na ce ta faɗa.

Sojoji sun ce da la'asar za a juya. Bulama yana bi yana kafa wa kowa turke a filinsa. Da ya iso gabas ya tsaya, jama'a suka tsaya a bayansa.

"Malam, nuna mana wurin marigayi mu kewaye shi, mu yi masa addu'a kafin mu tashi."

Kalma uku ce ta rage mini in faɗa: ban sani ba. Da na faɗe ta, da an hana gini a duk gefen har a bincika, don mutanenmu ba za su ƙi wannan ba. Amma idanu suna kaina, ni mai taswira, ni da aka ce an gode Allah da ni. Kunya ta kama ni, girman kan da ya hana ni sauraron uwata ya sake hana ni buɗe baki. Na duba kwali, na aza rula a kai kamar mai lissafi, na yi 'yan taku, na ga inda ƙasa ta ɗan tasa. Na ce, "Nan ne." Aka saro ƙaya aka kewaye, aka ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. Da muka dawo inda waya ke kamawa na tura wa ƙanena hoto. Ya kira yana kuka, yana cewa Allah ya yi mini albarka, na cika wa Iya burinta. Daga baya da mutane suka fara komawa, shi ya matsa aka zagaye wurin da bulo.

Bayan shekara guda da wani abu, maƙwabcin nan namu ya shigo Maiduguri, ya biyo ta Gwange da ƙullin busasshen kifi. Muka zauna a zaure, aka kawo shayi. Ya ba ni labarin gari: wane ya koma, wane ya yi rufi, an dasa masakwa, dawar rani, bana. Yana cikin kurɓa ya ce af, ya manta bai faɗa mini ba. Da suna haƙar ƙasar da za su yi katanga, ɗan jifa kaɗan daga shingen Baba, sai suka tarar da mutum.

"Ba irin waɗanda aka yasar ba ne, Malam. An yi masa sutura yadda ya kamata. Yana kan damansa, fuska gabas, itatuwa a jere, har da sauran likkafani. Fartanya ta ɗan taɓa shi kafin mu ankara, Allah ya yafe mana. Mun tambayi kowa, ba wanda ya ce nasa ne. Na ce da ba don Malam ya nuna nasu da takarda ba, da sai in ce..."

Bai ƙarasa ba, ya yi 'yar dariya ya girgiza kai. Ya ce sun kwashe shi sun kai maƙabarta, yanzu da rani ne hanya a bushe take.

A iya sanina, mutum ɗaya aka rufe a cikin gida a unguwarmu tun tasowata. Na buɗe baki. Na tuna bulon da aka jera, da mutanen da suke tsayawa a wurin suna addu'a, da ƙanena da ya sa hoton a fuskar wayarsa. Na mayar da bakina na rufe, na ƙara masa shayi. Ban tambaye shi ta wane gefen maƙabarta ba, don wanda ya san inda ubansa yake ba ya irin wannan tambaya.

Na raka shi bakin titi. Muna tsaye muna jiran keke, na juya na tambaye shi.

"Kun dai rufe shi da kyau?"

"Haba Malam," ya ce. "Ni na shiga ramin da kaina. Bawan Allah ne, ba shi da kowa."